Hakkin Manomi A Kan Mutanen Birni

Tsakanin gona da birni, wanne ya riga wani? Masana tarihi sun tabbatar gona ce gaba. Kimanin shekara 10,000 da suka wuce mutanen Sham da Iraƙi suka fara shuka alkama da sha'ir. Da rumbuna suka cika har aka sami rara, sai waɗansu suka ajiye fartanya suka zama maƙera da fatake da masu mulki, har birane irin su Uruk suka kafu a bakin Kogin Furatu. Ibn Khaldun ma ya bayyana a cikin Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377, cewa zaman ƙauye shi ne asalin zaman birni.

Haka al'amarin yake a ƙasar Yauri. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ganuwar Birnin Yauri ba ta ginu ba sai da hatsin manoman ƙasar, irin su Kambari da Gungawa mazauna tsibiran Kwara. Da sarauta ta koma Yelwa a 1888, manomi bai fasa ciyar da fada ba.

To, a 1968 aka gama madatsar ruwa ta Kainji. Tafkin ya cinye tsibirai da fadamun da Gungawa suke noman albasa, aka tashi mutum wajen 44,000 daga mazauninsu, domin birane su sami wutar lantarki. Watau gona ta haifi birni, ta kuma ba da ƙasarta don ya haskaka.

Shin mene ne sakayyar wannan? Shari'a ta ɗora wa manomi zakka, ushiri ga abin da ruwan sama ya shayar, rabin ushiri ga na ban-ruwa da wahala. Amma ta kuma tsare masa hakkinsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a tare masu kawo kaya a hanya a saye kafin su san farashin kasuwa, ya kuma hana ɓoye abinci don ya yi tsada.

Saboda haka dillalin da ya karya wa mai albasa farashi a bakin tafki, da attajirin da ya kulle hatsi sai bazara, da ma'aikacin da ya karkatar da takin talakawa, su sani bashi ne suke ƙara wa kansu, za a kuwa biya a ranar da babu sarki sai Allah.

Allah Ya ba da damina mai albarka, amin.