Idan An Rufe Makaranta, Wa Zai Koya Wa Yaro?

Garin Gwada yana kan hanyar da ta tashi daga Minna zuwa Kuta, cikin Ƙaramar Hukumar Shiroro ta Jihar Neja. Da can an fi saninsa da kasuwar doya. Amma a shekarar 2021 sunansa ya shiga labarai saboda wani dalili dabam: iyalan da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukansu sun cika ajujuwan makarantar firamare ta garin. Inda ake jera benci aka shimfiɗa tabarmi, filin da yara ke taruwa da safe kuma ya zama wurin girki. A watan Fabrairu na wannan shekara aka sace ɗalibai a Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati da ke Kagara, a ƙarshen watan Mayu kuma aka kwashe yara daga wata makarantar Islamiyya a Tegina. A watan Nuwamba na 2025 abin ya faɗa wa makarantar Katolika ta Papiri, har gwamnatin jiha ta ba da umarnin rufe makarantu na wani lokaci. Wannan masifa ba ta bambanta Kirista da Musulmi ba.

Ban da baƙin cikin rasa gona da gida, akwai wata tambaya da irin waɗannan kwanaki sukan ajiye a ƙofar kowane gidan masu bi. Tarbiyyar yaro cikin bangaskiya amanar wane ne? Yawancin iyaye za su amsa da baki cewa tasu ce. Amma a aikace, da yawa sun daɗe da miƙa ta ga malamin makaranta, da malamin Makarantar Lahadi, da fasto. To, ran da aka rufe makaranta, ikkilisiya ta watse, fasto ya yi gudun hijira tare da garkensa, me zai rage a hannun yaron?

Yadda karatu ya shigo ƙasar Gbagyi

Bishara da karatu tare suka shigo wannan yanki. 'Yan mishan na SIM sun kafa tasharsu ta farko a Patigi a 1902, suka buɗe ta Wushishi a 1904, daga nan aikin ya kai Paiko da Minna da Kuta a tsakanin Gbagyi. Makarantar farko ba ta da wani gini na kirki. Ajin koyon karatu ne a gindin itace ko cikin bukkar sujada, inda mai bishara yakan koya wa manya da yara baƙaƙe da wasula domin su iya karanta Maganar Allah da kansu. Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, sai ya zama littafin karatu na gidaje masu yawa, a shekarun 1950 kuma aka sami Sabon Alkawari da harshen Gbagyi. A 1954 ikkilisiyoyin da suka fito daga aikin SIM suka haɗu suka zama ECWA. 'Yan Katolika, da 'yan Baptis, da 'yan Angilikan su ma sun kafa nasu makarantu a Minna da kewaye.

Masu bi na farko sun koyi karatu da wahala, don haka suka riƙe shi da daraja. Magidanci yakan dawo daga gona, ya kunna fitilar aci-bal-bal, ya tara iyalinsa, ya karanta aya yana bin ta da yatsa. Amma da makarantun mishan suka yi ƙarfi, sai nauyin ya riƙa zamewa a hankali daga zaure zuwa aji. Babu wanda ya yanke shawarar haka. Uba ya ga malami ya fi shi sani, sai ya janye.

A shekarun 1970, bayan yaƙin basasa, gwamnatocin jihohi suka karɓe makarantun mishan, aka sake wa da yawansu suna. A Minna, kwalejin 'yan Baptis ta zama makarantar Ahmadu Bahago. A 1976 aka ƙirƙiro Jihar Neja, a shekarar kuma aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Gaskiya ce a faɗa cewa wannan shiri ya kai karatu ƙauyukan da mishan ba ta taɓa isa ba, ba a kuma hana koyar da darasin addinin Kirista ba. Wasu ma'aikatan mishan ma sun ci gaba da aiki a ƙarƙashin gwamnati, kamar Fada O'Connell ɗan ƙasar Ailan, wanda ya shugabanci makarantar sakandare a Minna shekaru masu yawa har aka sa mata sunansa. Duk da haka, iyaye sun wayi gari sun ga makarantar da suka jingina da ita ta koma hannun wani. Kayan aro, in ji Bahaushe, ba ya rufe katara.

Darasi daga wata ƙasa mai nisa

Domin a ga inda wannan hanya take iya kaiwa, yana da kyau a dubi Istoniya, wata ƙaramar ƙasa a arewacin Turai, a bakin Tekun Baltik, mai maƙwabtaka da Rasha. Mutanenta ba su wuce miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu ba, wato ba su kai yawan mutanen Jihar Neja ba ko kusa. Tarihinsu ya yi kama da na ƙananan kabilun arewacin Nijeriya ta fuska ɗaya: ta hanyar ikkilisiya suka sami karatu da harshensu. An buga musu cikakken Littafi Mai Tsarki a 1739. Ikkilisiyar Lutheran, 'yar'uwar wadda aka sani a Numan, takan bukaci matashi ya iya karatu kafin a tabbatar da shi, don haka kafin ƙarshen ƙarni na 19 kusan kowane baligi a ƙasar ya iya karatu. A 1869 suka fara babban bikin waƙa a birnin Tartu, wanda ya tsiro daga ƙungiyoyin mawaƙa na ikkilisiyoyi da makarantu.

Sun sami 'yancin kai a 1918, a 1919 kuma Jami'ar Tartu ta fara koyarwa da harshensu. Da sabuwar majalisa ta cire darasin addini daga makarantun gwamnati, jama'a suka ƙi yarda. Aka yi ƙuri'ar raba gardama a 1923, kusan kashi 72 cikin ɗari suka zaɓi a mayar da shi. Ƙidayar 1934 ta nuna kusan kashi 78 cikin ɗari 'yan Lutheran ne, kusan kashi 19 kuma 'yan Otodoks. Duk mai duban waɗannan alƙaluma zai ce ga al'ummar da ta kafu.

A 1940 Tarayyar Sobiyat ta mamaye ƙasar. Nan da nan aka soke darasin addini, aka rufe sashen ilimin tauhidi na Jami'ar Tartu, aka ƙwace kadarorin ikkilisiya. A watan Yuni na 1941 aka kwashe mutane wajen dubu 10 zuwa cikin Rasha, a watan Maris na 1949 kuma wajen dubu 20 zuwa Saiberiya. Fastoci da yawa sun tsere zuwa Suwidin da Jamus a 1944, har da Bishop Johan Kõpp. An bar wasu majami'u a buɗe, amma an haramta tara yara a koya musu addini. Daga ƙarshen shekarun 1950 hukuma ta shirya wa matasa bukukuwan shiga balaga domin su maye gurbin tabbatarwa a ikkilisiya, cikin 'yan shekaru kuwa masu zuwa tabbatarwa suka ragu ƙwarai.

Abin da ya biyo baya shi ne abin lura. Harshen ya tsira, waƙar ma ta tsira. A 1988 dubban ɗaruruwan mutane suka riƙa taruwa a Tallin, babban birnin ƙasar, suna rera waƙoƙin ƙasarsu a fili, a 1991 kuma suka sake samun 'yanci. Mutane da yawa suka ruga aka yi musu baftisma a waɗannan shekaru, amma ambaliyar ba ta daɗe ba. A ƙidayar 2021, kashi 29 cikin ɗari kaɗai na 'yan shekara 15 zuwa sama suka ce suna da wani addini, 'yan Lutheran kuwa sun koma kashi 8.

Me ya sa harshe ya rayu, bangaskiya ta dushe? Dalilan suna da yawa. Hukuma ta bar makarantu suna koyarwa da harshen ƙasar, ta kuma bar bikin waƙa ya ci gaba, alhali ta toshe wa addini kowace ƙofa. Tun kafin zuwan Sobiyat ma, talakawa da yawa suna kallon ikkilisiya a matsayin ta Jamusawa masu gonaki, gama shekaru aru-aru yawancin fastoci Jamusawa ne. Amma akwai dalili na uku wanda ya shafi kowane gida. Uwa takan yi wa jaririnta magana da harshenta kowace safiya, ba ta jiran izinin kowa. Addu'a kuwa, a gidaje da yawa, an riga an mai da ita aikin fasto da malami. Da aka ɗauke fasto da malami, sai gidan ya yi tsit. Tsara ɗaya ta yi shiru, tsara ta biyu ba ta san abin da aka yi shiru a kansa ba.

Uzurin da ya cancanci a saurara

Ba daidai ba ne a zauna cikin kwanciyar hankali a hukunta waɗannan iyaye. Uban da ya san cewa in aka ga ɗansa a majami'a za a iya toshe masa hanyar karatu da aiki, ya yi shiru ne saboda ƙauna. Haka ma gwauruwar da ke kwana a ajin makaranta a Gwada da 'ya'ya biyar, ba ta san inda abincin gobe zai fito ba. Wa zai tsaya a kanta ya ce ta kasa? Wani kuma zai ce bai yi makaranta ba, ba shi da abin da zai koyar. Wani ya ce bangaskiya ba gona ba ce da za a gāda, kyautar Allah ce, iyaye ba su iya dasa ta da ƙarfi.

Wannan magana ta ƙarshe gaskiya ce. Akwai iyaye masu aminci da 'ya'yansu suka bauɗe, akwai kuma waɗanda Ubangiji ya kira daga gidajen da ba a taɓa ambaton sunansa ba. Amma manomi ma ba shi ne ke saukar da ruwa ba, duk da haka ba ya barin irin doya a rumbu ya ce damina ta Allah ce. A sura ta 6 ta Maimaitawar Shari'a, iyaye aka ɗora wa koyarwa, wuraren da aka ambata kuwa su ne zaman gida, da tafiya a hanya, da lokacin kwanciya da na tashi. Babu ɗaya a cikinsu da ke bukatar gini, ko takardar shaida, ko izinin hukuma. Da Manzo Bulus yake tuna wa Timoti tushen bangaskiyarsa, sunayen kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki ya kira. A Istoniya ma, da yawa daga cikin waɗanda suka riƙe bangaskiya a shekarun nan hamsin, daga bakin kakanninsu mata suka ji ta.

Game da rashin ilimi kuwa, tarihin ƙasar Gbagyi kansa ya ba da amsa. Waɗanda suka kafa ikkilisiyoyin ƙauyukan Kuta da Paiko ba masu digiri ba ne. Uwar da ba ta iya karatu ba tana iya ba da labarin Yusufu da 'yan'uwansa, tana iya koya wa ɗanta Addu'ar Ubangiji tana sussukar dawa. Maƙwabta Musulmi sun daɗe da sanin wannan: makarantar allo ba ta bukatar abin da ya wuce zaure, da malami, da hasken wuta.

Abin da ya rage ga iyaye

Wannan ba kira ba ne a raina makaranta. Wajibi ne hukuma ta tsare yara, ta mayar da kowane aji ga aikinsa, wajibi ne kuma ikkilisiya ta ci gaba da gina makarantu da horar da malamai. Sai dai makaranta mataimakiya ce, amanar tana wuyan iyaye. Sau biyu cikin shekara hamsin iyalan wannan yanki suka ga haka da idonsu: sau ɗaya da takardar gwamnati, sau ɗaya da bakin bindiga.

Saboda haka ya dace kowane magidanci ya auna gidansa tun ana zaune lafiya. In aka hana yaransa zuwa makaranta da majami'a shekara guda, me za su ji daga bakinsa? Sun taɓa jinsa yana addu'a da murya, ko a wurin fasto kaɗai suke jin addu'a? Da wane harshe? Yaro a Gwada yakan ji Gbagyi a gida, Hausa a majami'a, Turanci a aji. In bai taɓa jin an kira sunan Allah da harshen da mahaifiyarsa take rarrashinsa ba, yana iya girma da zaton cewa Allah baƙo ne da ake ziyarta ran Lahadi, kamar yadda manoman Istoniya suka ɗauki ikkilisiya ta masu gonaki ce. Zumuntar Mata da dattawan ikkilisiya suna da aiki a nan: su koya wa iyaye yadda za su bi da addu'ar iyali, su kuma tabbata iyalin da ya yi gudun hijira bai rasa Littafi Mai Tsarki ba, kamar yadda ake kula kada ya rasa bargo da hatsi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Minti goma kowace yamma, aya guda, waƙa guda, addu'a guda, in aka dawwama a kansu shekara goma sha biyar, sun zama guzurin da yaro zai tafi da shi duk inda aka kore shi. Ubangiji ya ta'azantar da iyalan da ke zaman hijira, ya komar da su gonakinsu lafiya, ya kuma ba iyaye alherin riƙe amanar da ya danƙa musu. Amin.