ILMI KAFIN SHIGA KASUWAR HANNUN JARI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, Imam Tirmizi ya ruwaito cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, ya hana kowa ciniki a kasuwar Musulmi sai wanda ya fahimci addini. Dalili kuwa shi ne jahili yana iya cin haram alhali yana zaton halal ne. Wannan hukunci yana kan mai awon gero a kasuwar Kurmi, yana kuma kan saurayin da ke sayen hannun jari ta wayar hannu.

Hannun jari yanki ne na mallakar kamfani. Wanda ya saya ya zama abokin tarayya, in an ci riba a ci da shi, in an faɗi a faɗi da shi. An kafa kasuwarsa a Ikko cikin 1960, ta fara aiki a 1961. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya da ke Jidda ta yanke a 1992 cewa asalin sayen hannun jari halal ne matuƙar sana'ar kamfanin halal ce. Ashe ke nan ƙofar a buɗe take, amma mai koyo yana da karatu uku a gabansa, kuma lalle ya bi su bi da bi.

Karatu na farko shi ne hukuncin ciniki. Babin saye da sayarwa na Risalar Ibn Abi Zaid ya isa mafari, in an karanta shi gaban malami. A wannan fanni ne ɗalibi zai san kuɗin ruwa, da garari, da sayar da abin da mutum bai mallaka ba, da najashi, watau ƙara wa kaya farashi ba don a saya ba sai don a ruɗi wani. Dukansu suna nan a wannan kasuwa da sababbin tufafi. Akwai mai sayar da hannun jarin aro don ya sake saya in ya karye. Akwai masu haɗa baki su kambama kamfani, jama'a su ruga, su kuwa su sayar su janye. Akwai kuma mai cin bashin banki da ruwa don ya saya. Irin wannan bashi ya yi yawa a Nijeriya kafin faɗuwar kasuwa ta 2008. Da farashi ya juya, ma'aunin kasuwar ya zubar da fiye da rabinsa kafin shekara ta zagayo, mutane da dama suka wayi gari jari ya narke, bashi yana nan daram.

Karatu na biyu shi ne sanin kamfanin kansa. Kowane kamfani da ke kasuwar yana fitar da rahoton shekara, wanda ke nuna sana'arsa da bashinsa da ribarsa. Kamfanin giya da na caca da banki mai kuɗin ruwa ba su ma shiga lissafi. Game da sauran, hukumar AAOIFI da ke Bahrain ta sa ma'auni: kada bashi mai ruwa ya wuce kashi 30 cikin 100 na darajar kamfanin a kasuwa, kada kuma kuɗin da ya shigo ta haramtacciyar hanya ya wuce kashi 5 cikin 100, sa'an nan mai hannun jari ya fitar da nasa rabon na wannan ƙazanta ya bayar. Tun 2012 kasuwar Nijeriya take da jerin kamfanonin da aka tace bisa shari'a, mai suna Lotus Islamic Index. Dillali kuwa, a tabbata yana da rajista da hukumar SEC kafin a damƙa masa kwabo.

Karatu na uku shi ne nazarin zanen farashi, wanda matasa suka fi ɗoki a kai. Tushensa yana komawa ga rubuce-rubucen Charles Dow na Amurka, wanda ya rasu a 1902, da kuma fataken shinkafa na Japan, waɗanda ake jingina wa zane mai kama da kyandir. Kowane kyandir yana nuna abu huɗu: farashin buɗewa, da na rufewa, da mafi tsada, da mafi araha. Daga nan sai mai koyo ya san matsakaicin farashi na kwana 50 ko 200, da inda farashi ya saba tsayawa in ya gangaro, da inda ya saba juyowa in ya hau. Littafin Edwards da Magee na 1948 yana cikin tsofaffin littattafan fannin da har yau ake karantawa. Hikima ita ce ɗalibi ya yi watanni yana saye da sayarwa a takarda, yana rubuta dalilin kowane mataki, kafin ya sa kuɗinsa.

Sai dai a sani, zanen nan labarin jiya yake bayarwa. Mai duba shi kamar manomi ne da ya ga hadari ya fitar da iri: yana iya dacewa, hadarin kuma yana iya wucewa. Ƙarshen Suratu Luƙman ya tabbatar cewa babu ran da ya san abin da zai samu gobe. Saboda haka duk wanda ya ce yana da sirrin da ba ya kuskure, ko ya yi alkawarin riba tabbatacciya kowane wata, to, a guje shi kamar yadda ake gudun boka. Wanda kuma ya zuba kuɗin abincin iyalinsa bisa jita-jita, ya matso kusa da caca.

A ƙarshe, mai juya hannun jari kamar hajar kanti zai kimanta su in shekara ta cika, in sun kai nisabi ya fitar da zakka, ɗaya bisa arba'in.

Allah Ya azurta Musulmi da ilmi mai amfani da dukiya ta halal, amin.