Ciwon "Allah Ya Ƙara"

Larabawa suna da kalma guda ga wannan ciwo: shamata, wato jin daɗi idan masifa ta sami wani. Mu kuwa sai mu ce "Allah ya ƙara", ko mu ɗaure fuska alhali zuciya tana rawa.

Na lura ba kowa ake yi wa ba. Girgizar ƙasa ta afka wa wata ƙasa mai nisa, tausayi muke ji. Amma a ce shagon wanda kuka fara kasuwa tare ya ƙone, ko auren wadda ta riga ki shiga ɗaki ya mutu, ko malamin da ya fi ka mabiya ya yi suɓul da baka (eh, har mu masu rawani), nan ne wani sanyi ke ratsa ƙirji. Dalili? Tun farko da shi kake auna kanka. Ko kwabo ba ka ƙaru ba, tazarar da ke tsakaninku ce ta ragu. Hassada ce ta daɗe da yunwa, yau ta sami abinci.

Sai zuciya ta sa mata rigar adalci: "ai alhaki ne ya kama shi." Ɗan'uwa, wa ya nuna maka littafinsa? Annabi Ayyub (AS) alhakin wa ya ɗauka?

A Suratul A'araf, aya ta 150, Annabi Haruna ya roƙi Annabi Musa kada ya sa a yi masa shamata. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito Manzon Allah (SAW) yana neman tsari daga gare ta, tare da tsananin bala'i. Duka wuraren biyu, maƙiya aka jingina wa ita.