Ɗan Ɗaki ko Baƙo: Wa Ya Kamata Mai Dukiya Ya Ɗauka?

Duk mai shagon da kasuwa ta buɗe masa a Jega yakan wayi gari da wannan tambaya: wa za a damƙa wa makulli? Ga ɗan ƙanwa yana zaman kashe wando, ga wani Bazabarme ko Badakkare da ya iya lissafi kamar ya haɗiye kalkuleta. Mafi yawan 'yan kasuwa ba sa dogon tunani. Naka naka ne, in ji su, kuma sada zumunci umarnin Allah ne.

Gaskiya ne umarni ne. Sai dai zumunci da ɗaukar ma'aikaci ba babi ɗaya suke ba a wurin malamai. A Suratul Ƙasas, aya ta 26, inda ake maganar ɗaukar Annabi Musa aiki a Madyana, sharaɗi biyu aka ambata, ƙarfi da amana, kuma wanda ake shirin ɗauka ɗin baƙo ne da ya shigo garin a guje. A tafiyar hijira, jagoran da Manzon Allah (SAW) da Sayyidina Abubakar suka yi haya, Abdullahi bin Uraiƙiɗ, bai musulunta ba a lokacin. Hanyar sahara ya sani, kuma an yarda da shi har aka bar masa raƙuma biyu. Gonakin Haibara ma Yahudawan wurin aka bar wa nomansu a kan rabin amfani.

Mutanen Jega ba sa bukatar a kai su nesa neman misali, domin garinsu daga irin wannan gardama ya fito. Malam Abdussalami na Gimbana, Ba'are ne, almajirin Shehu Usmanu, wanda harin da Gobirawa suka kai wa jama'arsa yana cikin abin da ya kunna wutar jihadin 1804. Bayan nasara ya ga kamar rabon da aka ba shi bai kai wahalarsa ba saboda asalinsa, ya yi tawaye a Kware a 1817, ya rasa ransa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta nasa ɓangaren labarin a Sard al-Kalam. Ko wane ne mai gaskiya, jin cewa an ware mutum saboda asalinsa ya ci rayuka. Ɗansa Buhari ne ya kafa Jega a wajajen 1820, kuma abin da ya ɗaga garin shi ne baƙi: fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, Nufawa, Yarbawa, Buzaye masu gishiri, duk suna yada zango a bakin Gulbin Zamfara.

Kakanninmu ba wawaye ba ne, sun san baƙo na iya gudu da bashi. Shi ya sa suka fito da fatoma, mai masaukin da zai sauke falke, ya adana masa kaya, ya nemo dillali, ya tsaya masa in an yi ciniki bashi. Ba su kori baƙo don tsoron asara ba, sun gina tsarin da zai sa a iya yarda da shi. Nan ne ɗan kasuwar yau yake kasawa: ba ya rubuta komai, ba shi da mai tsayawa, sai ya fake da cewa ɗan'uwa kaɗai ke da amana. Alhali kowa ya san shagon da ɗan ɗaki ya cinye ƙurmus, kuma aka kasa ko kai ƙara saboda kunyar gyatuma.

A je Aliero lokacin kakar albasa a ga yadda abin yake a ƙasa. Manomi ya fito da ita daga rudu, wato ma'ajiyarta, dillali ya sa hannu cikin buhu ya matsa wuyan guda biyu uku ya ji ko ta bushe, 'yan dako na ta jido zuwa tirela. Kuɗin kuwa a Mile 12 ta Legas yake, ko Anaca, ko Akara. Attajirin da ke da yaro mai jin Yarbanci, ko abokin hulɗa Ibo da zai bugo waya da asuba ya ce kasuwa ta cika kada a loda, ya fi wanda duk yaransa daga zaure ɗaya suka fito ganin nesa. Mutum goma masu kunne iri ɗaya, labari ɗaya za su kawo. Haka manomin shinkafa na fadamun Maiyama: injin ban-ruwansa in ya tsaya, ba ya tambayar garin su makanike.

An ga kishiyar haka a Fabrairun 2021. Bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, ƙungiyar masu fataucin abinci da dabbobi ta hana kaya zuwa Kudu. Farashi ya yi sama a can, a nan kuma albasa da tumatir suka faɗi warwas a hannun masu su, kafin a janye matakin a farkon Maris.

Suratul Hujurat, aya ta 13, ta danganta rabuwar mutane dangi-dangi da ƙabila-ƙabila da sanin juna, ta kuma ɗora fifiko a kan taƙawa. Malamai kan karanta ta a huɗubar sulhu, ba kasafai ake jin ta a maganar ɗaukar ma'aikata ba. Tun da aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero a 2006, ɗalibai daga Zuru, Yawuri, Argungu da wajen jihar ke kammala karatu a tsakiyar gonakin albasa, sun iya lissafin kuɗi da kwamfuta. Da yawansu suna ɗaukar jaka su nufi Abuja, su wuce ta gaban rumfunan da har yanzu ake riƙe lissafin miliyoyi a ka.