Ɗa Na Kowa Ne, Amma Wa Ta Yi Naƙudarsa?

Akwai maganar da muke yawan yi, wai ɗa na kowa ne. Magana ce mai kyau, da ita ake tsawata wa ɗan maƙwabta, da ita ake ciyar da maraya. To amma ga tambayata: shin ya halatta wani ya ɗauke ɗa daga cinyar uwarsa ba da yardarta ba, don kawai yana ganin ya fi ta sanin abin da zai amfani yaron? Kada ki yi saurin cewa a'a, ki bari mu je tukuna.

Abin da ya tayar mini da wannan tambaya tafiya ce da na yi zuwa Ostiraliya, na raka maigidana da ya je kwas na 'yan watanni a birnin Perth, can yammacin ƙasar. Nisa kam ba a magana, suna gabanmu da awa 7, lokacin da kike sallar asuba su sun kusa azahar. Sanyinsu a watan Yuni da Yuli yake, Disamba kuwa zafi. Tsakiyar ƙasar hamada ce mai jar ƙasa, har da raƙuma na yawo a daji ba mai su, jikokin waɗanda aka kawo tun ƙarni na 19 don ɗaukar kaya. Ni da na taso ina ganin raƙumi dukiya ne, abin ya ba ni dariya.

Amma ba raƙuma suka tsaya mini a rai ba. Kusan duk taron da aka yi, kafin a fara sai mai magana ya ambaci ƙabilar da ke da wannan ƙasa tun asali, ya gaishe da dattawansu. A Perth sunan Noongar ake kira. Su ne wani ɓangare na baƙaƙen mutanen da ake kira Aborijin, waɗanda masana suka ce sun fi shekara 50,000 a wurin, suna da harsuna kusan 250 lokacin da jiragen ruwan Ingila suka sauke mutanensu a Sidni cikin 1788. Turawa suka ɗauki ƙasar tamkar ba ta da mai ita, kuma sai a 1992 babbar kotunsu ta rushe wannan da'awa, a shari'ar wani mutum mai suna Eddie Mabo, wanda ya rasu 'yan watanni kafin a yanke hukuncin.

Mutane ne masu kunya irin tamu, wallahi har mamaki na yi. A ƙabilu da yawa suruki ba ya haɗa ido da uwar matarsa, ba ya mata magana kai tsaye. In mutum ya rasu, akan daina kiran sunansa na wani lokaci, shi ya sa talabijin kan yi gargaɗi kafin a nuna hoton wanda ya mutu. Ƙanwar uwa kuma uwa ce, haka yaro ke kiranta. Ke nan yaron Aborijin bai rasa masu riƙonsa ba, iyaye gare shi rututu. Ki riƙe wannan, don zai yi mana amfani a gaba.

Daga wajen 1910 har zuwa wajen 1970, gwamnatocin jihohin ƙasar, tare da wasu majami'u, suka riƙa kwashe 'ya'yan Aborijin daga hannun iyayensu, musamman ruwa-biyu, waɗanda ubanninsu Turawa ne. Rahoton da hukuma ta fitar a 1997 ya ƙiyasta cewa tsakanin ɗaya cikin goma zuwa ɗaya cikin uku na yaran aka ɗauke. Sai a zo da mota da ɗan sanda, a tafi da yaro. Akan hana shi yin harshensu, wani a sauya masa suna, wani a ce masa uwarka ta mutu, ko ba ta son ka. Akwai iyayen da suka ba da shaida cewa gawayi suke shafa wa 'ya'yansu don su ƙara baƙi, ko hukuma ta ƙyale su. Allah sarki uwa! Mu nan muna shafa wa jariri mai don ya yi sheƙi, ita tana shafa wa nata gawayi don kada a raba su. 'Yan matan kuwa, a gidaje irin na Cootamundra, wanki da guga da shara ake koya musu, sannan a tura su aikatau gidajen Turawa.

A 1931 aka ɗauke wasu yara mata uku daga Jigalong, a bakin hamada: Molly Craig mai shekara 14, da ƙanwarta Daisy, da 'yar uwarsu Gracie. Aka kai su sansanin Moore River, arewa da Perth. Ba su daɗe da isa ba Molly ta ja ƙannenta suka gudu. Dabararta ɗaya ce. Akwai wani dogon shingen waya da gwamnati ta kafa don hana zomaye cinye gonaki, kuma ta san wannan shinge ya bi ta garinsu. In ta same shi, ta sami gida. Haka suka taka kimanin kilomita 1,600 cikin mako tara, ana bin sawunsu, ƙafafu duk gyambo, in ƙananan sun gaji a goya su. Gracie ta rabu da su a hanya da ta ji labarin uwarta na wani gari, aka kama ta. Molly da Daisy suka isa gida.

To ga inda maganar take da wuya. Mutumin da ke kula da wannan aiki a jihar, A. O. Neville, muƙaminsa ma shi ne babban mai kare Aborijin, kuma dokar 1905 ta sa shi ne waliyyin 'ya'yansu. Bai ɗauki kansa azzalumi ba. A ganinsa taimako yake yi: yaran za su yi karatu, su auri Turawa, bayan jika da tattaɓa-kunne baƙin ya ɓace. Har yau akwai masu cewa ai wasu yaran sun sami ilimi da abinci da magani da ba za su samu a daji ba. Kuma gaskiya ne akwai yaron da in an bar shi a hannun iyayensa zai halaka, a kowace ƙasa, har da tamu. Wanda ya ga ana azabtar da yaro ya kau da kai don wai na uwarsa ne, shi ma yana da alhaki.

Ni dai abin da na gani shi ne, kyakkyawar niyya ba ta isa shaida ba, don mai ita ne kaɗai ke ganinta, kuma ba a rasa mai ƙwace da zai ce don Allah ya yi. Da ceton yaron ake so, ai ga inna ga goggo ga kaka, me ya hana a ba su? Me ya kawo sauya suna, da hana harshe, da ƙaryar mutuwa? Mai ceton yaro daga wuta ba ya bukatar yaron ya manta sunan uwarsa. Launin fatar yaro aka duba, ba halin da yake ciki ba.

Laifi tudu ne, kada mu hango na Turawa mu taka namu. Mu ma muna da riƙo, kuma da yawanmu a hannun goggo ko kaka muka tashi, ba mu ƙi ba. Amma riƙon ƙwarai da shawara ake yin sa, yaro ya san uwarsa, ya san ƙofar gidansu, yana zuwa da salla, kuma addini ya hana a cire masa sunan ubansa. Sai dai ki tambayi kanki, sau nawa ake tambayar uwar da gaske? Yarinya ta yi haihuwar fari, kunya ta rufe mata baki, uwar miji ta ce an ba wance, shi ke nan, ta shiga ɗaki ta yi kukanta a ɓoye. Ko an yi saki, uba ya karɓe yara don ya ƙuntata mata, ya ce wai tarbiyya yake so. Sai kuma wadda ta fi kusa da mu matan birni: yarinyar da aka kawo miki daga ƙauye da alkawarin makaranta, ga shi shekara uku tana wanke-wanke da rainon 'ya'yanki, ko allo ba ta riƙe ba. Yaushe rabonta da ganin gida? Kin san sunan uwarta kuwa? In aka tambaye ki za ki ce ai taimakonta kike yi, nan ta fi cin abinci mai kyau. Haka Neville ya ce.

Ostiraliya ta daɗe tana ja-in-ja kan neman gafara. Firayim Minista John Howard ya ƙi, a ganinsa mutanen yau ba su ne suka aikata ba. Sai ran 13 ga Fabrairu 2008 wanda ya gaje shi, Kevin Rudd, ya tsaya a majalisa ya ba da haƙuri a madadin ƙasa, tsofaffin da aka ɗauke suna yara na zaune suna hawaye. Duk da haka maganar ba ta mutu ba. Yanzu doka ta ce in dole ne a raba yaron Aborijin da iyayensa, a fara neman danginsa, amma har yau hukumar kula da yara na ɗaukar 'ya'yansu kusan ninki goma fiye da na sauran jama'a. Wasu na cewa talauci da shaye-shaye ne suka jawo, wasu na cewa wadda aka raba da uwarta tana ƙarama, a ina za ta koyi zama uwa?

Molly kuwa ba a ƙyale ta ba. A 1940 aka sake kai ta Moore River, wannan karon da 'ya'yanta biyu mata, Doris da Annabelle. Ta sake gudu, ta bi shingen nan dai da ƙafa, ɗauke da Annabelle, ta bar Doris don ba za ta iya da biyu ba. Sai bayan shekara 21 suka sake haɗuwa da Doris, wadda ta rubuta labarin uwarta a littafi cikin 1996, aka yi fim ɗinsa a 2002. Annabelle, wadda ta ɗauko duk wannan tafiya, tana shekara uku hukuma ta zo ta ɗauke ta, aka ce mata ita marainiya ce. Molly ta rasu a Jigalong cikin 2004, shekara huɗu kafin a ba da haƙurin, ba ta ƙara sa Annabelle a idonta ba.