Da'irar Meka: Haƙuri Ne Ko Tsoron Idon Jama'a?

Abin da ya fi danne mutum a cikin al'umma ba a cika ganinsa da ido ba. Babu mai iya nuna maka kunya da yatsa, ko ya auna nauyin "me mutane za su ce". Shi ya sa marubuci mai basira yakan nemo wani abu da ake gani ya ɗora masa wannan nauyi. A cikin alamomin da na ci karo da su a adabi, babu wadda ta tsaya mini a rai kamar wadda Ferdinand Oyono, marubucin ƙasar Kamaru, ya yi amfani da ita a littafinsa na 1956, Le Vieux Nègre et la médaille, wato labarin wani tsoho da lambar girma.

Meka dattijo ne da ya ba ƴan mishan filinsa, ƴaƴansa maza biyu kuma suka mutu a yaƙin Faransa. Sai Turawan mulki suka ce za su saka masa da lambar girma ran 14 ga Yuli, ranar bikin ƙasarsu. A filin taro aka zana da'ira da farar ƙasa, aka tsayar da shi a tsakiya. Turawa na gefe guda a inuwa, danginsa na can baya cikin taro. Rana ta ƙwalle, takalmi ya matse shi, fitsari ya kama shi, babban baƙo kuma bai iso ba. Meka bai gusa ba.

To, me ya riƙe shi? Layin farar ƙasa ba katanga ba ne, ɗan akuya ma zai tsallake shi. Idanu ne suka riƙe shi, na Turawa da na ƴan'uwansa. Da'irar ta raba shi da mutanensa, ba ta kuma shigar da shi cikin masu mulki ba.

Mun tashi muna jin cewa haƙuri maganin zaman duniya, kuma ban musa ba. Amma Oyono ya sa na tambayi kaina: kowace juriya ce ta cancanci sunan haƙuri? A ganina haƙuri shi ne ka jure wahala domin kare abin da ya fi wahalar daraja, kamar manomin da ke jiran damina. Idan kuwa abin da kake karewa shi ne kada a yi da kai, to tsoro ne ya ari rigar haƙuri. Lambar da Meka ya sha rana dominta ko kwana ba ta yi a ƙirjinsa ba. Da dare hadari ya taso, ta ɓace, ƴan sanda suka kama shi cikin duhu, suka dake shi, suka kulle shi.

Wani zai ce laifin tsohon ne, me ya hana shi fita? Wannan hukunci ya yi mini arha. Da ya fita, abin kunyar ba a kansa kaɗai zai tsaya ba, zai bi matarsa da ƙauyensa duka. Mai zana layi ƙarfinsa kaɗan ne in babu ƴan kallon da za su tsare masa shi.

A cikin taron, wani matashi ya faɗi a fili cewa fili da ƴaƴa aka musanya da ɗan guntun ƙarfe. Kelara, matar Meka, ta ji, ta fashe da kuka. Sauran jama'a suna ta murna.

Nan littafin ya juyo kanmu. Akwai matar da ke zaune cikin azabar aure don kada a kira ta bazawara, da magidancin da ya ci bashin biki don kada a raina shi. Mu da muke yaba musu haƙuri daga inuwa, ya kamata kafin mu sake cewa "a ƙara haƙuri", mu duba ko abin da ake jira ya kai zafin ranar da ake sha.