Walki: Kalmar da Muka Yar a Hanya

Jama'a, a gwada wannan. A tari samarinmu na Sabo a tambaye su mene ne alkyabba. Ko wanda bai taɓa taka Kano ba zai faɗa. Sannan a tambaye su mene ne walki. Da wuya a samu mai amsa, sai dai su kalli juna.

Walki, wasu su ce warki, kamar dai harshe da halshe gwargwadon garin da mutum ya fito, fata ce ta akuya ko ta tunkiya. Majemi ne ke jeme ta da bagaruwa har ta yi laushi, sai a ɗaura a ƙugu. Maƙeri na ɗaura shi saboda tartsatsin wuta, manomi da maharbi saboda ƙaya da kaushin ƙasa. 'Yan dambe da 'yan kokawa ma da shi suke shiga fage. Tufa ce ta mai cin guminsa.

Wani zai ce, to mene ne abin damuwa? Yadi ya yi araha, wando ya wadata, sutura ta fi cika, ba mai fatan a koma ɗaura fata. Abu ya tafi, sunansa ya bi shi. Wannan magana ce mai kan gado. Yaran ma ba su da laifi, a tsakiyar Yarabawa aka haife su, abin da suka ji a bakinmu shi suka ɗauka.

Amma fa mu nawa ne a unguwar nan muka taɓa yafa alkyabba? Mu nawa ke da doki, balle sirdi da likkafa? Duk da haka sunayensu na nan daram a bakin yara. Ashe ba rashin amfani da abu kaɗai ke kashe kalma ba. Mantuwa ma tana da son kai: takan ajiye kayan masu mulki, ta zubar da na masu wahala. Kuma mu ne muke zaɓar mata.

Mu dubi tarihinmu. Layin dogo ya isa Kano a 1911, aka kafa Sabon Ibadan a 1916. Shanu na gangarowa kudu, goro na hawa arewa, da haka unguwa ta tsaya da ƙafarta. Muna tuna masu gida da dillalai da malamai, Allah ya jiƙansu, sun cancanta. To amma wa ya koro shanun? Wa ya ɗaure huhun goron, ya naɗa gammo, ya kai shi tasha a ka? Yau kowa ka tambaya, kakansa bafatake ne ko malami. Ikon Allah! Idan duk fatake ne, wa ya ɗauki kayan? Gaskiya ita ce da yawanmu jikokin manoma ne da maƙera da mahauta da 'yan dako, wato gidajen da walki ba baƙo ba ne.

Ɓoye wannan yana da farashi, kuma muna biya. Na farko, dubi yadda muke karɓar ɗan ci-rani, mai tura kurar ruwa, mai gyaran takalmi, ɗan acaba. Ranmu na ɓaci idan mutanen gari suka ce masa "aboki" da sigar raini, amma ya zo neman aure gidanmu mu ga wa zai fara yamutsa fuska. Alhali da irin shigarsa kakanninmu suka sauka garin nan. Na biyu, dubi 'ya'yanmu. Saurayi ya gwammace ya wuni a majalisa yana jiran aikin ofis da ya koyi kafinta ko walda, don kada a gan shi da baƙin hannu. Wa ya koya masa cewa datti a tufafin aiki abin kunya ne? Ai a gida ya ji. Mun manta da cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Abin dariya ma, walkin bai mutu ba. Fatar nan da mai walda ke ɗaurawa don tartsatsi, mene ce in ba walki ba? Sunan kawai muka hana ta.

Ba a ce kowa ya nemi majemi ba. Abin da ke wuyanmu kaɗan ne. Dattawa, in za ku ba jikoki labarin asali, ku ba su cikakke, har da sana'ar da aka ci abinci da ita. Malamanmu na Islamiyya, in kun zo kan falalar neman halal, ku kawo misali da mutanen unguwa. Mu kuma, gobe in ɗan dako ya sauke mana kaya, mu gaishe shi gaisuwar ɗan'uwa, mu biya shi kafin guminsa ya bushe.

Allah ya jiƙan magabata, ya sa albarka a sana'ar kowa.